Tambayoyi da amsoshi akan Rockefeller Center, garin da aka gina a tsakiyar New York akan filin haya

Kusan kowa ya taɓa cin karo da tsohon hoton nan na wasu ma'aikata su goma sha ɗaya zaune akan ƙarfe can sama, ƙafafunsu na lilo a iska, suna cin abincin rana ba igiya ba komai. Yawancin masu tura shi a WhatsApp basu san inda aka ɗauke shi ba, toh a Rockefeller Center ne lokacin ana tsakiyar aiki. Ga tambayoyin da aka fi yi akan wajen da amsoshinsu.

Wai gini ɗaya ne ko unguwa ce guda?

Rukunin gine-gine ne guda 19 a tsakiyar tsibirin Manhattan na birnin New York, akan fili kamar eka 22, daga titi na 48 zuwa na 51. Guda 14 aka fara ginawa tsakanin titunan Fifth Avenue da Sixth Avenue daga 1931 zuwa 1940, sauran suka biyo baya bayan yaƙin duniya na biyu. A ciki akwai ofisoshi, shaguna, gidajen abinci, gidan talabijin na NBC, babban gidan wasa, filin zamiya akan ƙanƙara, har da hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa gine-ginen da tashar jirgin ƙasa. Mafi tsawo a cikinsu shine wanda ake cewa 30 Rock, wajen hawa 70, mita 260. Sunansa na farko RCA Building, a 1988 ya koma GE Building, a 2015 kuma Comcast Building, duk wanda ya mallaki NBC sai ya liƙa sunansa a saman.

Wane Rockefeller ɗin ne, mai man fetur?

Ɗansa ne. Uban, John D. Rockefeller, shi ya kafa Standard Oil a 1870 ya mamaye harkar tace mai a Amurka har sai da kotun ƙoli ta yanka kamfanin gida 34 a 1911, Esso da Mobil ɗin nan da muka tashi muna ganin gidajen mansu duk daga wannan tsatson suka fito. Mai ginin shine John D. Rockefeller Jr., haifaffen 1874, shi kaɗai ne namiji a gidan. Mutum ne mai tsantseni, ɗan ɗariƙar Baptist, ko giya baya sha, kuma ba ɗan harkar filaye da gidaje bane sam, yawancin aikinsa a lokacin rabon dukiyar gidansu ne ta hanyar gidauniya. Sunan gidan ma ba wani daɗin ji yake da shi a kunnen talaka ba, musamman bayan kisan da aka yi wa masu haƙar kwal da ke yajin aiki da iyalansu a Ludlow ta jihar Colorado a 1914, a rikicin wani kamfani da suke da babban kaso a ciki. Da farko ma bai so a saka sunansu a jikin ginin ba, masu bashi shawara irin su Ivy Lee ne suka shawo kansa da cewa sunan zai jawo 'yan haya.

Da gaske ne filin ba nasa bane?

Da gaske ne, kuma nan ne labarin yake da daɗi. Filin na jami'ar Columbia ne. Asali wani likita ne mai suna David Hosack ya saye shi a 1801 ya yi lambun tsirrai na magani, lokacin wajen bayan gari ne sosai, birnin na can kudu. Ɗawainiyar lambun ta fi ƙarfinsa ya sayar wa gwamnatin jiha, ita kuma a 1814 ta miƙa wa Columbia. Makarantar ba tayi wani murna ba don kuɗi take nema aka bata jeji. Sai gari yayi ta tahowa arewa har ya haɗiye wajen, suka yanka shi fuloti-fuloti suka bayar haya aka gina gidaje. Zuwa shekarun 1920 masu kuɗin sun tashi, unguwar ta lalace, ga jirgin ƙasa da ke bi ta kan gada a saman Sixth Avenue yana ƙara dare da rana, gidajen sun koma ɗakunan haya da mashaya ta ɓoye (lokacin an haramta giya a Amurka, daga 1920 zuwa 1933) da gidajen mata masu zaman kansu. Abin da Columbia ke samu a shekara bai wuce wajen dala dubu 300 ba.

Rockefeller hayar filin ya kama, ya gina nasa akai, kuma haka aka yi ta biyan Columbia kuɗin ƙasa fiye da shekara hamsin.

Toh mutumin da ba harkarsa ba, me ya kai shi?

Taimako ya kai shi, ya koma masa ƙarfen ƙafa. Gidan wasan Metropolitan Opera, wato masu wasan kwaikwayon nan da ake yi da waƙa wanda manyan attajiran birnin ke ji da shi, suna neman sabon mazauni. Aka tsara cewa za a gina musu a filin Columbia, a yi dandali a gabansa, a kewaye shi da shaguna da ofisoshi da otal. Aka jawo Rockefeller cikin maganar a 1928, shi ya saka hannu a takardar haya da sunansa, sama da dala miliyan 3 duk shekara, kaga ninki goma kenan na abin da filin ke kawowa. Lissafinsa shine masu opera su ɗauki nasu kason, sauran fulotan ya bayar ga wasu su gina, shi ba sai ya ɗora ko bulo ɗaya ba.

Sai kasuwar hannayen jari ta rufta a watan Oktoba 1929. Kafin Disamba ta ƙare masu opera sun zare jikinsu, sun ce basu da halin tashi daga tsohon gininsu. Aka bar shi riƙe da takarda mai cin miliyoyi duk shekara, da tarin tsofaffin gidaje, ba mai opera ba mai gini. Gaba kura baya sayaki. Ko ya zauna yana biyan Columbia a banza na shekaru ashirin da wani abu, ko ya gina da aljihunsa a lokacin da kowa ke rufe ofis. Ya zaɓi ginin. Shi yasa ni idan naji ana cewa hangen nesa ne ya sa shi nake ɗan ja baya, dole ce ta fara saka shi, hangen nesan daga baya ya shigo, kuma mafi yawa daga mutanen da ya ɗauka aiki.

Ina ya samo kuɗin a wannan hali?

Kamfanin inshora na Metropolitan Life ya yarda zai bada bashi har dala miliyan 65, shi kuma ya tsaya da kansa a matsayin mai lamuni. Sauran daga aljihunsa, yana sayar da hannayen jarinsa na kamfanonin mai a lokacin da farashinsu ya faɗi warwas. Ba kuɗin gwamnati a ciki. A shekarun da Amurkawa ke bin layin karɓar abinci, wannan aikin ya ɗauki dubun dubatar mutane, magina, maƙera, masu fasa dutse a jihar Indiana inda aka ɗebo farin dutsen da aka lulluɓe gine-ginen da shi, direbobi, kowa. Wata fa'idar da ba a cika faɗa ba ita ce lokacin ƙarfe da siminti da leburanci duk sun yi araha, mai kuɗi a hannu shine sarki.

Mutanen da ke zaune a wajen fa, duk sun yarda sun tashi?

An rushe gine-gine 228, an tashi 'yan haya wajen 4,000, amma ba kowa ya miƙa wuya ba. Wasu da suka ji ko waye ke saye sai suka tsuga kuɗin sallama na fitar hankali. Biyu dai sun gagara har ƙarshe, ƙananan benaye ne a kusurwar titi na 49 da na 50 ta ɓangaren Sixth Avenue, ɗaya na wasu 'yan asalin Ireland ne masu mashaya da ake cewa Hurley's. Da aka ga ba mafita sai aka gina dogon ginin ya zagaye su. Har yau suna nan a maƙale gefe da gefe.

Su waye suka zana shi?

Taron dangi aka yi. Kamfanonin masu zanen gini uku aka haɗa waje ɗaya, Reinhard & Hofmeister, da Corbett, Harrison & MacMurray, da na Raymond Hood da abokansa. Hood aka fi jinginawa siffar babban ginin duk da bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a 1934. Amma wanda ke riƙe da bulala shine John R. Todd, ɗan kwangila kuma manajan aikin, mutumin da baya kallon zane sai ya tambaya nawa wannan lungun zai kawo.

Todd ne ya kafa dokar cewa kada wani teburin aiki ya yi nisa da taga fiye da ƙafa 27, kamar mita 8 kenan, saboda lokacin na'urar sanyaya ɗaki bata yaɗu ba, ofis mai haske da iska shi ake biya da tsada, mai duhu kuwa sai dai a zuba kaya. Wannan dokar ce ta ba 30 Rock siffarsa, siriri ta gaba mai faɗi ta gefe. Sannan ka lura da yadda yake ɗan tsukewa mataki-mataki yayin da yake hawa, ba ado bane kawai. Lif ɗin a tsakiyar ginin suke rukuni-rukuni, wasu na ƙananan hawa ne wasu na sama, toh duk inda wani rukuni ya ƙare sai a matso da bango ciki don kada a bar wani fili mai duhu a tsakiya da ba mai kamawa. Lissafin kuɗi ne ya haifi kyan.

Wata dabarar kuma, tunda filin gaba ɗaya a hannun mutum ɗaya yake, sai suka bar gine-ginen bakin Fifth Avenue gajeru, suka tattara tsawon a tsakiya, rana tana sauka har ƙasa. Manyan motocin kaya kuma aka yi musu gangara su shige ƙarƙashin ƙasa su sauke a can, ba a tare titi. Titin da ya ratsa tsakiya, Rockefeller Plaza, su suka yanka shi a cikin filinsu, kuma shekaru da dama sukan rufe shi rana ɗaya a shekara don kada doka ta ɗauke shi a matsayin hanyar jama'a.

Kada ka ɗauka an yi ta tafi da aka ga zanen. Da aka nuna samfurinsa a watan Maris 1931 jaridu da masana sun yi masa kaca-kaca, akwai wani gini mai siffar ƙwai da aka so sakawa a bakin Fifth Avenue, aka yi ta masa ba'a wai gwangwanin mai ne, har sai da aka cire shi.

Hoton masu cin abincin, na gaske ne ko haɗi?

Ranar 20 ga Satumba 1932 aka ɗauke shi, a hawa na 69 na RCA Building. Mutanen ma'aikatan ƙarfe ne na gaske kuma tsayin na gaske ne, amma zaman shirya shi aka yi don tallata ginin, an gayyato masu hoto ranar.

Kowa na rufe ofis, wa ya zo ya kama haya?

Wanda ya ceci aikin tun farko shine kamfanin RCA, mai gidan rediyon NBC da kamfanin fim na RKO. Rediyo a lokacin ita ce sabuwar harka mai tashe, ko da talauci mutane na saurare. A 1930 aka ƙulla da su cewa zasu kama wani babban kaso na dogon ginin da gidajen wasa, daga nan aka samo sunan Radio City. NBC na nan a ginin tun 1933 har gobe.

Sauran kuwa farauta aka shiga. Dogon benen Empire State Building da aka buɗe a 1931 yana can kusan wayam, don haka mutanen Rockefeller suka riƙa bin kamfanoni ofis-ofis, su ce ka dawo wajenmu mu zamu ɗauki nauyin ragowar hayarka ta inda kake. Masu gidajen da ake kwashe wa 'yan haya suka fusata, wani attajiri August Heckscher har ƙara ya shigar a 1934 yana neman diyyar dala miliyan 10. Kamfanonin mai na gidansu suma aka jawo su ciki, shi kansa ya kwaso ofishin iyali ya dawo hawa na 56.

Sai dabarar ƙasashen waje. A gurbin ginin ƙwan nan aka yi gajerun benaye biyu, ɗaya na 'yan kasuwar Birtaniya ɗaya na Faransa, da 'yar hanya mai furanni a tsakaninsu da aka raɗa wa Channel Gardens saboda tekun da ya raba ƙasashen biyu. Aka yi na Italiya lokacin Mussolini na kan mulki. An so yin na Jamus, zuwan Hitler ya sa aka watsar. Da yaƙi ya ɓarke wannan ɓangaren ya zama wani abu daban, ofishin leƙen asirin Birtaniya a Amurka, ƙarƙashin William Stephenson, a International Building ya zauna.

Mecece rigimar mai zanen nan ɗan Meziko?

Diego Rivera kenan. An bashi aikin zana katafaren bangon da ke fuskantar ƙofar shiga RCA Building, alhali kowa ya san ɗan gurguzu ne, bai taɓa ɓoyewa ba. Matar Rockefeller, Abby, da ɗansu Nelson masu son zanensa ne. Yana cikin aiki a 1933 sai ga fuskar Lenin, jagoran 'yan gurguzu na Rasha, ta bayyana a jikin bangon gidan jari-hujja mafi girma a Amurka. Nelson ya rubuta masa takarda cikin lalama cewa ya canza fuskar, Rivera ya ƙi, yace sai dai ya ƙara tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln a ɗaya gefen. A watan Mayu aka biya shi kuɗinsa cif, dala 21,000, aka sauko da shi daga kan katako aka rufe zanen. A Fabrairu 1934 aka farfashe shi da dare. Rivera ya koma gida ya sake zana irinsa a Palacio de Bellas Artes a birnin Meziko, har ya ƙara da hoton Rockefeller Jr. a cikin masu shaye-shaye, mutumin da ko ɗanɗanawa baya yi. Bangon kuma aka ba José Maria Sert ɗan Sifaniya ya cike.

Ni dai a nan ban ga wanda zan tausayawa ba. Sun san wanda suka ɗauka, shima ya san gidan wa ya shiga. Abin da za a ce kawai shine fasa zanen bai zama dole ba, tunda an yi maganar ɗauke shi zuwa gidan tarihi.

Filin ƙanƙarar nan da ake nunawa duk Kirsimeti, tun farko aka tsara shi?

A'a, gyaran kuskure ne. An haƙa dandalin ƙasa da titi da niyyar mutane su sauka ta matakala su shiga shagunan da ke ƙarƙashin ƙasa, aka kafa gunkin Prometheus mai ruwan zinare a 1934 don ya ja ido. Mutane suka riƙa zuwa su leƙa daga sama su wuce abinsu. Duk wanda ya taɓa kama shago a saman bene a plazojin Kano ko Abuja ya san wannan ciwon, mai saye baya son matakala, ko hawa ko sauka, gara ya tsaya a na bakin hanya ko da ya fi tsada. Shagunan suka yi ta mutuwa. A ranar Kirsimeti ta 1936 aka gwada daskarar da ruwa a ramin don masu zamiya, wai na ɗan lokaci, sai ga jama'a sun cika bakin ramin suna kallo, gidajen abinci suka maye gurbin shagunan, abin ya zauna har yau.

Bishiyar Kirsimetin ma ma'aikata ne suka fara kafa wata 'yar ƙarama a cikin taɓon wajen aiki a 1931, hukumar wajen ta mayar da ita al'ada daga 1933.

A ganina sirrin wajen kenan gaba ɗaya. Dogayen benaye sun cika New York, wasu sun fi 30 Rock tsawo nesa ba kusa ba, amma nan an ba wanda bashi da ofis kuma bashi da ko sisi dalilin zuwa ya tsaya, shi kuma cinkoson nan shi ke riƙe da shagunan, shagunan da sunan wajen su ke riƙe da farashin ofisoshin sama.

Radio City Music Hall fa?

Shine babban gidan wasan wajen, an buɗe shi 27 ga Disamba 1932, kujeru kusan 6,000. Daren farko bai yi armashi ba, wasan ya yi tsawo har mutane suka riƙa sulalewa, cikin sati biyu aka koma nuna fim haɗe da ɗan wasan dandamali, wannan ne ya karɓu shekaru da dama. A 1978 saura ƙiris a rufe shi saboda asara, jama'a da ma'aikatansa suka tada ƙura birnin ya saka shi cikin wuraren tarihi da ba a taɓawa. Ɗan'uwansa Center Theatre bai yi wannan sa'ar ba, an rushe shi a 1954 aka yi ofisoshi a gurbin.

Yaushe aka gama, kuma yaushe ya fara kawo riba?

Ranar 1 ga Nuwamba 1939 Rockefeller ya buga ƙusar ƙarshe da hannunsa a wajen biki, ragowar aikin ya ƙare a 1940. Shekarun 1930 duk asara ce, shi ke cike giɓi. Abubuwa biyu suka juya lamarin. An rushe gadar jirgin nan mai ƙara ta Sixth Avenue a 1939, aka buɗe tashar ƙarƙashin ƙasa a Disamba 1940 wadda ke zubo mutane kai tsaye cikin ginin. Sannan yaƙi ya tada tattalin arzikin Amurka kuma ba mai gina sabon ofis, sai wajen ya cika maƙil. A 1948 Rockefeller ya miƙa wa 'ya'yansa maza.

Daga nan aka shiga faɗaɗawa, Esso Building a 1947, sai aka tsallaka Sixth Avenue da ginin Time-Life a 1959, sannan wasu dogaye uku masu kama da juna na Exxon da McGraw-Hill da Celanese a farkon shekarun 1970. Sun fi na da girma, amma gaskiya basu da ruhin na farkon, ba wanda ke zuwa New York don ya gansu.

Akwai alaƙa da ginin Majalisar Ɗinkin Duniya?

Akwai, ta mutane. A Disamba 1946 Rockefeller Jr. ya bada dala miliyan 8.5 aka sayi filin bakin kogin East River aka ba Majalisar kyauta, Nelson ne ya haɗa cinikin, kuma Wallace Harrison da ya yi aiki a zanen Rockefeller Center shi ya jagoranci masu zanen hedikwatar. Tsakanin wuraren biyu tafiyar ƙafa ce.

An ce Japanawa sun saye shi, ya aka yi?

Sai an koma 1985. A shekarar Columbia ta sayar da filin nata ga kamfanin iyalin akan dala miliyan 400, karon farko kenan da ƙasa da gini suka zama na mai ɗaya. A shekarar kuma aka ɗora wa gine-ginen bashin dala biliyan 1.3 da aka tara daga masu zuba jari, jikoki da tattaɓa-kunne sun yi yawa, kowa na son ganin kuɗi a hannu ba dutse ba. A Oktoba 1989 kamfanin gidaje na Mitsubishi Estate na Japan ya sayi kashi 51 na kamfanin akan dala miliyan 846, daga baya ya kai kashi 80, jimilla wajen biliyan 1.4. Lokacin kuɗin Japan na ambaliya, farashin fili a Tokyo ya haukace, ga Sony ma ya sayi kamfanin fim na Columbia Pictures a 'yan makonnin. Amurkawa suka yi ta kururuwa wai ana sayar da ƙasarsu.

Ashe mai sayen ne abin tausayi. An yi lissafin ne akan cewa kuɗin hayar ofis zai yi ta hawa, sai farkon shekarun 1990 kasuwar gidaje ta New York ta faɗi, hayar da ke shigowa bata isa biyan bashin nan ba, Mitsubishi yayi ta cikawa daga aljihu, ga shi can gida ma kasuwarsu ta fashe. A Mayu 1995 kamfanonin da ke riƙe da gine-ginen suka je kotu neman kariya daga masu bin bashi, kafin ƙarshen shekara Mitsubishi ya saki tsofaffin gine-ginen ya haƙura. Duk wannan bidirin ofisoshi a buɗe suke, masu zamiya na zamiyarsu, takardu ne kawai ke canza hannu.

Yanzu na waye?

A 1996 wani gungu da ya haɗa bankin Goldman Sachs da kamfanin gidaje na Tishman Speyer da David Rockefeller, autan mai ginin, suka karɓa, NBC kuma ta sayi nata ɓangaren na 30 Rock. A ƙarshen 2000 Tishman Speyer da iyalin Crown na Chicago suka saye tsohon rukunin akan dala biliyan 1.85, daga nan hannun iyalin Rockefeller ya fita, sai suna. Mitsubishi Estate bai tafi gaba ɗaya ba, har yanzu shi ke da kamfanin Rockefeller Group da hannu a wasu dogayen benayen tsallaken Sixth Avenue. Tun 1985 birnin ya saka wajen cikin wuraren tarihi da yake karewa, a 1987 kuma ya shiga jerin na ƙasa, don haka ko waye mai shi ba zai tashi ya rushe yadda ya ga dama ba.

Idan Allah ya kai mutum New York, me zai gani, kuma sai ya biya?

Yawo a dandalin, Channel Gardens, kallon masu zamiya, gunkin Atlas da ke ɗauke da duniya a kafaɗa daura da cocin St. Patrick, shiga harabar 30 Rock ka ɗaga kai ka ga zanen Sert, duk kyauta ne. Hawa sama wato Top of the Rock shine na kuɗi, an rufe shi a 1986 aka sake buɗewa a 2005, kuma da yawa sun fi son sa akan hawa Empire State saboda daga nan kana ganin shi Empire State ɗin ta kudu, Central Park ta arewa. Gidan gwanjon Christie's ma a nan yake, inda aka sayar da wani zane da ake jinginawa Leonardo da Vinci akan dala miliyan 450 a 2017. Idan baka son turmutsutsu ka guji watan Disamba, musamman da yamma, ko motsi da ƙyar ake yi. Abincin cikin wajen akwai tsada, amma ka miƙe Sixth Avenue ka yi arewa kaɗan zuwa titi na 53, nan kurar The Halal Guys take, wadda wasu Misirawa suka fara a 1990 direbobin tasi Musulmi suka zama manyan kwastomominsu, shinkafa da kaza ko nama, sai dai ka shirya bin layi.